Giya mai tsami da gangar katako: abin da ke gudana a ciki, da abin da zafin Yamai ke yi mata

Ga mai sayar da giyar kamfani a Yamai, tsami asara ne: kwalbar da ta yi tsami ta lalace, sai zubarwa. Amma a Beljiyam akwai gidajen da ke sa giya ta yi tsami da gangan, su kulle ta har shekara uku a gangar katako, su gauraya tsohuwa da sabuwa, kuma masu nemanta su biya ninkin-ba-ninkin kuɗin giyar kamfani. Abin da ya raba tsamin da ake nema da tsamin da ake gudu bai wuce abu uku ba: wace ƙwayar halitta ce ta yi aikin, iska nawa ta samu, kuma a wane zafi.

Akasarin mutanen Yamai da Tawa musulmi ne, giya ba abin shansu ba ce, hukuncinta a addini kuma sananne ne. Batun ya cancanci fashin baƙi ne saboda ƙwayoyin da ke aiki cikin waccan ganga dangin waɗanda ke sa kindirmo ya kama ne, su ne a ruwan gasara, su ne ke kumbura gorar kunu idan ta kwana a zafi. Ɗalibin sarrafa abinci a Jami'ar Abdou Moumouni da ma'aikacin otal mai kula da ɗakin sanyi duk da su suke hulɗa, ko sun san sunansu ko ba su sani ba.

Ma'aikatan ganga rukuni huɗu ne. Na farko Saccharomyces, yis ɗin burodi da giya. Yana cin sukari mai sauƙi, ya fitar da barasa da gas, ya gama da sauri, ya bar sukari mai dogon jiki wanda ba ya iya fasawa. Na biyu bakteriyar da ke yin asid na madara, wato Lactobacillus da Pediococcus. Tsaminsu mai laushi ne, ba ya ƙona maƙogwaro. Lactobacillus mai hanzari ne, yana son ɗumi tsakanin digiri 35 da 45, amma furen hop da ake sa wa giya don ɗaci yana karya shi. Pediococcus kuwa yana jure hop, sai dai aikinsa na watanni ne. Na uku Brettanomyces, wani yis da Hjelte Claussen ya bayyana a 1904 a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Kofanhegan, bayan ya ciro shi daga giyar Ingila. Ba ya gaggawa, yana cinye abin da sauran suka bari, kuma shi ke ba tsohuwar giya ƙanshin fata da ciyawa da abarba. Na huɗu Acetobacter, wanda ke mayar da barasa binega. Wannan ba ya aiki sai da iska, kuma zafi na ƙara masa ƙarfi. Duk sana'ar tana kan ba uku na farko lokaci, a hana na huɗun numfashi.

Kafin 1883, lokacin da Emil Christian Hansen ya ware yis tsantsa guda ɗaya a Carlsberg ɗin nan, kusan duk giyar da aka daɗe da ajiyewa tana ɗauke da gaurayen waɗannan halittu. Don haka giya mai tsami ba sabon yayi ba ce, tsohuwar hanya ce da ta tsira a ƴan wurare.

Inda ta fi tsira shi ne kwarin kogin Senne da yankin Pajottenland, kusa da Burasel. A can ake yin giya mai tsami da ake kira lambik, a gidaje irin su Cantillon da aka kafa a 1900 a Anderlecht, da Boon a Lembeek, da 3 Fonteinen a Beersel. Aƙalla kashi 30 cikin 100 na hatsin ɗanyar alkama ce da ba a tsirar ba, sauran tsiron sha'ir. Wurin damawa suna yin abin da duk wani kamfanin giya ke gudu: suna ɗebe wani kaso na ruwan tun yana fari da sitaci, su ɗumama shi daban har sinadaran da ke narkar da sitaci su mutu, sannan su mayar da shi daga ƙarshe. Manufar ita ce a bar abincin da Saccharomyces ba zai iya ci ba, don Pediococcus da Brettanomyces su samu guzurin shekaru. Sai a tafasa awa uku zuwa huɗu da hop wanda ya tsufa shekara biyu ko uku, ɗacinsa ya ragu amma yana nan da ikon danne wasu bakteriya. Daga nan ba a zuba yis ko kaɗan. Ana tura ruwan tsiron da zafinsa cikin wani faffaɗan faranti marar zurfi a saman bene, a buɗe tagogi, ya kwana yana hucewa. Da safe, ya sauka wajen digiri 20, a ɗura shi a gangunan da su ma katakonsu ke cike da ƙwayoyin shekarun baya.

Wannan kwanan a buɗe ba a yin sa sai daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da dare ke sauka ƙasa da digiri 8. Lokacin zafi iska na ɗauke da ƙwayoyin ruɓa da yawa, ruwan kuma ba ya hucewa da wuri. A nan ne duk wanda ke tunanin kwaikwayon wannan a ƙasarmu zai tsaya: sanyin daren Janairu a Yamai yana wajen digiri 16, ga ƙurar hunturu. Mafi sanyin darenmu ya fi daren da mutanen Pajottenland ke ƙin dafa giya a cikinsa ɗumi.

A cikin ganga aiki bi da bi yake. Makonnin farko na bakteriyar hanji ne da wasu yis na daji, kuma a wannan matakin ba a ɗanɗanawa, don ruwan bai yi tsamin da zai kare shi ba. Sai ma'aunin pH, wanda ke sauka gwargwadon ƙaruwar tsami, ya sauka ƙasa da 4.5 kuma barasa ta fara taruwa sannan waɗannan ke mutuwa. Saccharomyces ya karɓa na wata uku ko huɗu, kumfa na fita ta bakin ganga. Idan yanayi ya fara ɗumi sai Pediococcus ya tashi, tsami ya sauko zuwa pH 3.2 zuwa 3.5. A nan ne sabon shiga ke firgita, domin giyar kan yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ta ɗauki warin man shanu. Masu sana'ar cewa suke giyar ba ta da lafiya, kuma ba sa taɓa ta. Brettanomyces ne ke zuwa daga wajen wata na takwas ya cinye yauƙin, ya share warin. Wanda ya zubar da ganga a wannan hali ya yi asarar banza, wanda kuma ya sa Pediococcus ba tare da Brettanomyces ba zai zauna da yauƙinsa. Farar yanar da ke rufe saman giyar ita ma ba cuta ba ce, alama ce dai cewa iska na taɓa saman, kuma ba a fasa ta.

Bayan shekara ɗaya, ganguna goma da aka cika daga tukunya ɗaya a rana ɗaya ba za a samu biyu masu ɗanɗano ɗaya ba. Wata ta yi tsami da yawa, wata lami, wata ta ɗauki ɗacin katako. Daga nan haɗi ya samo asali, kuma a ganina mai haɗi ya fi mai dafawa muhimmanci a wannan sana'a. Shaida ita ce akwai gidajen da suka yi suna da haɗi kawai: Pierre Tilquin ya buɗe nasa a 2009 yana sayen ruwan tsiro daga wasu gidaje, ya tsufar da shi a gangunansa, ya haɗa. Abin da ke fitowa shi ake kira geuze. Tun 1997 Tarayyar Turai ta kare sunan Oude Geuze: dole matsakaicin shekarun haɗin ya kai shekara ɗaya, mafi tsufa a ciki ya yi shekara uku a katako, kuma giyar ta sake tashi a cikin kwalba.

Haɗin yana da aiki biyu, kuma mutane sun fi ganin na farko, wato daidaita ɗanɗano. Tsohuwa ta kawo zurfi da ƙanshi, sabuwa ta kawo laushi. Na biyun ne ke fasa kwalba idan an yi kuskure. Lambik mai shekara uku ba ta da gas, ba ta da sauran sukari. Ƴar shekara ɗaya ce ke da ragowar abinci, kuma shi ƙwayoyin za su ci a cikin kwalba su cika ta da gas. Ana auna ragowar da ma'aunin kauri, wanda ke nuna 1.000 a ruwa zalla. Ƙa'idar da ake aiki da ita: duk ɗigo ɗaya, wato 0.001, da ma'aunin ya sauka a rufaffiyar kwalba yana ba da kimanin giram 1 na gas a kowace lita. A ɗauki misali. Kashi 60 na ƴar shekara ɗaya mai awon 1.008, kashi 30 na ƴar shekara biyu mai 1.003, kashi 10 na ƴar shekara uku mai 1.001. Haɗin zai tsaya wajen 1.006, matsakaicin shekarunsa ɗaya da rabi. Idan Brettanomyces ya sauke shi zuwa 1.000, an samu giram 6, a ƙara da giram ɗaya da ɗoriya da ke narke a giyar tun a ganga, an kai giram 7 da wani abu. Giyar kamfani tana wajen giram 5, don haka wannan ya dace da geuze. To, a ce sabuwar ba ta gama sauka ba, tana 1.016. Haɗin zai kusa 1.011, gas ya doshi giram 12, wato matakin shamfen. Kwalbar giya ta yau da kullum ba ta ɗaukar wannan. Shi ya sa ake zuba geuze a kwalbar shamfen mai kauri, ta santilita 37.5 ko 75, da toshiya da waya. Lissafin bai canza ba idan an sa ƴaƴan itace: a kirik ɗin Cantillon, wato lambik mai ƴaƴan ceri, ana zuba giram 200 na ceri a kowace lita, kuma sai sukarinsu ya ƙare a ganga kafin a yi maganar kwalba.

Ba a haɗa ganguna kai tsaye. Ana ɗebo kaɗan daga kowace, ta wani ƙaramin rami a fuskar gangar da ake toshewa da ƙusar ƙarfe marar tsatsa, don kada a buɗe baki iska ta shiga. A gwada a kofin awo na mililita 100, a riƙa sauya abu ɗaya kawai da mililita 5 ko 10, a rubuta kowane gwaji. Ma'aunin pH kaɗai ba ya isa, domin giya biyu masu pH ɗaya za su iya bambanta ƙwarai a baki, gwargwadon yawan asid ɗin da irinsa. Gangar da ta ɗan yi binega za a iya sa kaso ƙanƙani daga cikinta ta ƙara kaifi. Wadda ta kai ga warin maganin goge jan farce kuwa, asid ɗin binega ya riga ya haɗu da barasa, kuma ko kaɗan aka sa sai ya fito. Irin wannan zubarwa ake yi, kuma gidan da ba ya iya zubar da ganga ba ya daɗewa da suna. Akwai kuma wani aibi da ba a jin sa a hanci, sai bayan an haɗiye ya taso kamar warin ɓera. Yakan bayyana bayan giyar ta sha iska wurin ɗurawa, kuma sau da yawa yana gushewa idan an bar kwalaben watanni.

A Roeselare, gidan Rodenbach da ya faro a 1821 yana bin wata hanya. Ana tsufar da jar giya shekara biyu a manyan randunan katako 294, wasunsu na ɗaukar fiye da lita 60,000. Girman yana da dalili: gwargwadon girman mazubi, gwargwadon ƙarancin iskar da kowace lita ke samu ta jikin katako. Giyarsu ta kullum kashi uku cikin huɗu sabuwa ce, kashi ɗaya tsohuwa, Grand Cru kuwa kashi biyu cikin uku tsohuwa ce. Darasin ga mai ƙaramar ganga ta lita 20 ko 30 shi ne tasa na shan iska ninki da yawa fiye da ta lita 225, don haka abin da babba ke yi a shekara biyu lafiya lau, ƙarama za ta iya zama binega kafin haka.

Kada a rikita wannan da baƙar giya mai ƙarfi da Amurkawa ke sawa a gangar burbon. Dokar Amurka ta ce ba a tsufar da wuskin burbon sai a sabon mazubin katako da aka babbake cikinsa, saboda haka gangunan lita 200 na fita kasuwa bayan amfani ɗaya. Goose Island na Shikago na cikin waɗanda suka fara zuba giya a cikinsu a shekarun 1990, da Bourbon County Stout, wadda ake fitarwa duk ƙarshen Nuwamba mutane na jerin gwano. A nan ƙanshin banila da kwakwa da gawayi ake nema daga katakon, tsami kuma aibi ne. Wani ɓangare na fitowar 2015 ya kamu da wani nau'in Lactobacillus mai jure barasa, kamfanin ya mayar wa masu saye kuɗinsu. Dangin ƙwayar da ake maraba da ita a Lembeek ne ya jawo asara a Shikago. Dalilin ke nan gidan da ke yin iri biyun yake raba tiyo da famfo da duk wani abin roba, don Brettanomyces na shiga katako da tsagar roba inda wanki ba ya kaiwa.

Ita kanta gangar a Sahel wahala ce. Fallayenta ba manne suke ba, danshi ne ke kumbura su su matse juna cikin zoben ƙarfe. Idan ta zauna fanko a hunturun Tawa, cikin ƴan kwanaki katakon zai tsuke, zobba su saki. Gyaran shi ne a buga zobban su koma, a zuba ruwan zafi a fuskokinta biyu, sannan a cika ta da ruwa marar kulorin har yoyo ya tsaya. Idan za ta daɗe ba aiki, a cika ta da ruwa mai giram 2 na metabisalfait da giram 1 na asid ɗin lemo a kowace lita. Gangar da ta ɗauki wuski ba a ƙona farar wuta a cikinta don kashe ƙwayoyi, tururin barasa na kamawa ya fashe. Cikakkiya ma tana raguwa ta jikin katako, busasshiyar iska da zafi na ƙara saurin haka, kuma duk gurbin da ya buɗe a sama fili ne ga Acetobacter. Ɗakin ajiya yana son digiri 12 zuwa 18 da danshi. A garin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan na nufin na'urar sanyi dare da rana shekara biyu ko uku, ba tare da ɗaukewar wuta mai tsawo ba.

Abin da ya dace da zafinmu tun tuni yana nan a yankin. Burkutu, da dolo na Burkina Faso, da cukutu na Benin da Togo, giya ce mai tsami. Ana jiƙa dawa, a tsirar da ita kwana uku zuwa biyar, a shanya, a niƙa, a dama. Sitacin dawa ba ya nuna sai a zafin da ke kashe sinadaran tsiron, don haka masu dafawa ke tsiyaye ruwan sama su ajiye, su dafa kaurin, sannan su mayar da ruwan. A bar shi ya kwana Lactobacillus ya yi tsami, a sake tafasawa, a huce, a zuba guntun tsohon dahuwa ya tashi. Wannan tsari, tsami da farko sannan tafasa sannan yis, shi ne ainihin abin da ƙananan gidajen giya na Amurka da Turai ke yi yau idan suna son tsami cikin sauri: su sauke pH zuwa 4.5, su zuba Lactobacillus, su riƙe tukunya a rufe a wajen digiri 40 na kwana ɗaya zuwa uku har ta kai 3.3 ko kusa, su tafasa. Burkutu ba ya wuce kwana biyu ko uku ne saboda babu hop, tulun a buɗe yake, ga zafi, wato duk abin da Acetobacter ke so. Mai kunu da mai zoɓo su ma su lura da wannan: gorar da ta kumbura ta yi tauri, yawanci yis ne ya kama aiki, kuma inda yis ya fitar da gas ya fitar da barasa tare da shi. Sanyi da tsabtar mazubi da sayarwa a ranar su ne kariya.

Saura kwalbar da aka shigo da ita. Waɗannan giyoyi ba sa fita kullum, kowane haɗi da lokacinsa, shi ya sa masu bibiya ke duba ranar ɗurawa da lambar haɗi kafin sunan gida. Geuze tana da rai a cikin kwalba, tana iya shekara goma ko ashirin a duhu a digiri 10 zuwa 15, tsaminta na laushi. Amma wadda ta sauka a tashar Kwatano ko Lome, ta yi makonni a kwantena cikin rana kafin ta iso Yamai, ta riga ta sha wuya. A digiri 40 matsin gas a kwalba ya kusa ninka abin da yake a digiri 12, toshiya na iya turowa, giyar ta tsiyaya ta gefe. A duba ko toshiyar ta ɗago ƙarƙashin waya, ko akwai busasshen danƙo a wuya, ko ruwan ya sauka ƙasa da na sauran kwalabe. Wadda ta tsira a tsayar da ita a firiji aƙalla awa 24 don gas ya koma cikin ruwa, laka ta kwanta. Wurin buɗewa a riƙe toshiya da tafin hannu tun kafin a kwance waya, a kau da bakin daga fuska, a zuba a hankali a karkace ba tare da an mayar da kwalbar tsaye ba, a bar yatsa biyu na ƙarshe a ciki tare da lakar.